Santsi da Taɓo a Gidanmu

Jam'iyyar PRP ba ta cika shekara biyu da kafuwa ba ta dare gida biyu, kuma ɓarakar ba ta tsaya a ofishin jam'iyya ba. Ta bi Kano unguwa-unguwa, ta shiga majalisun hira da teburan masu shayi, ta raba maƙwabta a layin kasuwa. A gidanmu da ke Fagge ta bi ta tsakanin Baba da Yaya. Ni a lokacin ina ɗan sakandare, in an tashi daga makaranta sai in wuce shago in kama guga da saka maɓalli. Don haka yawancin abin da na sani game da rigimar nan da kunnena na ji shi, ina durƙushe ina hura gawayin dutsen guga.

Baba tela ne, kuma tsohon ɗan NEPU. Ya shiga tun yana saurayi, 'yan shekaru bayan an kafa ta a Kano a 1950, zamanin da faɗin "Sawaba" a bainar jama'a kan iya kai mutum gaban alƙali. Shi ma ya kai shi. A wani gari da ya je ɗinkin sallah aka kama shi yana raba katin jam'iyya, aka yi masa bulala, ya kuma yi 'yan watanni a gidan yari. Bai taɓa ba mu labarin da bakinsa ba, a wajen Inna muka ji. Mu dai abin da muka tashi muka gani, ko ana tsananin zafin bazara Baba ba ya zama a tsakar gida babu riga.

Shagon ɗaki ɗaya ne: keken ɗinki biyu ƙirar Singer, teburin yanka, da dogon benci a bakin ƙofa. A bango akwai hoton Malam Aminu Kano da farin kaftani da jar dara. A wurin nan in an ce "Malam" kawai, ba mai tambayar wane malamin. Bayan la'asar bencin kan cika. Akwai wanzamin unguwa, da wani dattijo mai sayar da goro, da tsohon leburan jirgin ƙasa, da mai gyaran kekuna, sai samari da ke raɓe a gefe suna saurare. Kusan duk dattijan sun sha wuya irin ta Baba ko fiye. An hana su taro, an ɗaure 'yan takararsu, an janye musu masu ciniki, sun ci zaɓe kaɗan sun faɗi da yawa, amma ba su bar Malam ba. Wannan riƙon shi ne dukiyarsu, kuma da shi suke auna kowa.

Sai ga 1979. Soja za su miƙa mulki, an yi wa jam'iyyu biyar rajista, PRP ta Malam, magajiyar NEPU, ta fito da makulli a matsayin alama, kirarinta "Nasara". A Kano ta share fage: Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna yana da shekara 39, kuma cikin kujeru 138 na majalisar jiha ta kwashe 123. A Kaduna Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita na NPN, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, sai dai majalisar jihar ta tafi hannun NPN da kujeru 64 cikin 99, PRP na da 16 kacal. A ƙasa baki ɗaya kuwa ƙaramar jam'iyya ce, kuma matalauciya. Gwamnoni 2 cikin 19, sanatoci 7 cikin 95, Malam ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wannan lissafin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, domin mai ɗan ƙaramin iko dole ya yanke shawarar abin da zai yi da shi.

A zaɓen nan ne Inna ta fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, kamar sauran matan Arewa. Ta dawo da tawada a kan lallen babban yatsanta, tana ba kishiyar maƙwabciyarmu labarin yadda ta lalubi makulli ta dangwala. Da gwamnonin biyu suka hau a watan Oktoba, abin da suka fara yi shi ne soke haraji da jangali. Wanda bai rayu a ƙarƙashin haraji ba da wuya ya gane nauyin wannan. Haraji shi ne mai unguwa da dagaci su zo da takarda, magidanci ya sayar da akuya ko hatsin da zai ci da damina, ko ya gudu cirani, ko a shanya shi a rana gaban 'ya'yansa. Jangali shi ne Bafulatani ya kwana yana kora shanu cikin daji don kada a ƙirga su. Tun zamanin Turawa NEPU take kuka a kan wannan, ga shi an share shi da sanarwa guda, har sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Ranar da aka faɗa a rediyo, Baba bai karɓi kuɗin ɗinki a hannun kowa ba.

Daɗin bai yi shekara ba.

Abin da ya fito fili shi ne taron gwamnoni tara. Gwamnonin UPN biyar, da na GNPP biyu na Borno da Gongola, da namu biyu, suka riƙa haɗuwa daga wannan jiha zuwa waccan don su tunkari gwamnatin Shehu Shagari ta NPN da murya ɗaya. Shugabannin PRP suka ce gwamnoninsu su daina zuwa, domin a ganinsu taron nan hanya ce ta jawo jam'iyyar ƙarƙashin Awolowo na UPN. Rimi da Balarabe suka ƙi. A tsakiyar 1980 aka kore su daga jam'iyya. Su kuma suka ce ba su koru ba, suka haɗa nasu ɓangaren da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a kan gaba, mafi yawan 'yan majalisar jam'iyyar suka bi su. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ita ɓangaren Malam ta sani. Nan da nan gari ya raɗa wa kowa suna: masu bin gwamnoni 'yan Santsi, waɗanda suka tsaya wajen Malam 'yan Taɓo.

Yaya ya gama karatun malanta ke nan, ya kama aiki da hukumar yaƙi da jahilci da Rimi ya kafa a 1980. Tun ranar farko ɗan Santsi ne. Musunsu na farko da na shaida a shago aka yi shi, Baba na kan keke, Yaya na tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, jihohi biyu gare mu cikin goma sha tara. In ba mu haɗa kai da sauran ba, ɗai-ɗai NPN za ta bi mu ta cinye. Ba ku ga abin da aka yi wa Shugaba Darman ba?"

Yana nufin shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ɗan GNPP, wanda aka ɗauke a watan Janairun shekarar aka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne.

Baba bai ɗago ba. "Da Awolowo za ku haɗa kai? Kun san shi kuwa?"

"Ku ma ai kun yi ƙawance da NCNC ta Zik a zamaninku."

"Malam ne ya ƙulla wannan."

"To in gwamna ne ya ƙulla fa?"

Sai Baba ya tsayar da keken. "Kai, wa ya san gwamnan kafin Malam ya ɗaga hannunsa? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Bencin ya ɗauki shewa. Yaya ya ce, "Allah ya huci zuciyarku," ya juya ya tafi.

Na daɗe ina juya wannan 'yar gajeriyar magana, domin duk rigimar tana cikinta. Maganar gwamnoni tara ƙofa ce kawai. A ƙarƙashinta akwai mutane iri biyu da suka shigo inuwa ɗaya, kowa da abin da yake nufi da kalmar canji. Su Baba sun koyi siyasa a hannun bulala. Abin da suka sani shi ne haƙuri, da wa'azi, da lallashin talaka har ya daina jin tsoro, da kuma kare ɗan abin da aka samu. Sun san Malam ya yi aiki a gwamnatin Gowon a matsayin kwamishinan tarayya, ya riƙe sadarwa ya riƙe lafiya, bai fito da komai ba sai kaftaninsa. Saboda haka ba sa ganin laifi in ya zauna da Shagari aka yi magana. A wajensu abokin hamayya ba lallai ne ya zama abokin gaba ba, kuma jam'iyyar da ba ta da kuɗi ba ta da soja bai kamata ta buɗe fagen faɗa goma a rana ɗaya ba.

Su Yaya kuwa daga aji suka fito. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero a shekarun nan suna tafasa da karatun gurguzu. Dakta Yusufu Bala Usman ya zama sakataren gwamnatin Kaduna, Dakta Bala Muhammad ya zama mai ba Rimi shawara kan siyasa, samari na bin laccocinsu suna kwafar takardunsu. A bakin Yaya na fara jin "'yan jari hujja" da "tsarin danniya" da "'yan barandan Turawa". A wajensu NPN ita ce tsohuwar NPC, abokiyar gabar NEPU, ta sake riga, zama da ita cin amanar waɗanda aka daka ne. Suna nuna Bakolori, inda aka harbe manoma a watan Afrilun 1980 saboda sun nemi diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye, su ce ga abin da ake so a yi sulhu da shi. Kuma suna zargin cewa wasu na kusa da Malam hankalinsu ya riga ya karkata wajen gwamnatin tarayya. Ba su taɓa zagin Malam a gabana ba. Kullum cewa suke an kewaye shi.

Bencin shagonmu ya rabu. Mai gyaran kekuna da samarin suka koma teburin mai shayi da ke tsallaken titi, tazarar da in an ɗaga murya ana ji. Kuma ana ɗagawa. Tsohon leburan jirgin ƙasa shi ya fi shiga tsaka mai wuya, domin Imoudu gwarzonsa ne tun yajin aikin 1945, Malam kuma shugabansa ne. Sai ya riƙa zuwa ya yi sallama a nan, ya tsallaka ya yi a can, ya tafi gida bai zauna ba. Da sallah ta matso muka ga bambanci a teburin yanka: samarin da suka saba kawo yadi suka kai wa wani tela ɗan Santsi. A unguwarmu har an fasa wani aure da aka riga aka kai kayan sa rana. Mawaƙa suka rabu, kowane ɓangare da kaset ɗinsa da lasifikarsa a kan mota, habaici ya koma zagi tsagwaronsa. Abin da ya fi muni, kowane ɓangare ya tara 'yan banga. Yaran da muka yi wasan langa tare suka fara yawo da gora da barandami, wannan na gadin taron Santsi, wancan na gadin na Taɓo, dukansu suna ihun "Nasara".

Inna ba ta shiga musun ba, amma ta yi abin da ya fi musu. Hukumar su Yaya ta buɗe ajin matan aure a makarantar firamaren unguwa da yamma. Wata rana bayan an ci tuwo ta ce da Baba, "Malam, ina so in shiga ajin nan na su yayansu." Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Muka yi tsit, domin kowa ya san ajin na gwamnatin Rimi ne. Baba ya daɗe yana wanke hannu, sannan ya ce, "Tun ba a haifi gwamnanku ba Malam yake cewa a koya wa mata karatu. Ki je." Shi ya ɗinka mata jakar littattafai da ragowar atamfa. Bayan 'yan watanni ta fara karanta Albishir, jaridar Hausa ta kamfanin Triumph da gwamnatin ta kafa, tana bi da yatsa, Baba na kishingiɗe yana gyara mata inda ta yi tuntuɓe, yana kuma ƙaryata labarin da take karantawa.

A Kaduna abin ya fi tsanani. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ya kai sunaye an mayar, ya sake kaiwa an mayar, shi kuma ya ƙi ya raba kujeru da NPN. Haka ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya har ranar 23 ga Yunin 1981 da aka tsige shi, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Yaya ya shigo gida ranar idonsa jajir, ya ce Taɓo sun naɗe hannu suna kallo an yanka ɗan'uwansu. Baba bai yi murna ba, na ga haka a fuskarsa, domin yana girmama Balarabe a kan gaskiya da rashin kwaɗayi. Amma abin da ya ce shi ne, "Mai kujera goma sha shida ba ya magana kamar mai sittin. Da ya ji ta Malam da yanzu yana nan."

Ba a yi sati uku ba wuta ta tashi a Kano. Tun cikin watan Afrilu Rimi ya ƙirƙiro sabbin masarautu a Gaya da Rano da Dutse da Auyo. Sannan a farkon Yuli gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, aka ba shi awa 48 ya ba da amsa. Nan na ga dattijan benci sun rasa inda za su sa kansu. Mutane ne da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna faɗa da zaluncin masu sarauta, ga shi gwamna ya taɓa sarauta, amma gwamnan ɗan Santsi ne, kuma salon takardar bai yi musu ba. Mai goro ya ce NEPU ta yi faɗa da zalunci, ba ta yi faɗa da rawani ba. Wanzami ya ce in ba don Rimi ne ya yi ba, da dukansu sun yi tafi. Aka yi shiru, ba wanda ya amsa masa.

Ranar Juma'a 10 ga Yuli hayaƙi ya turnuƙe gari. Gungun mutane ɗauke da makamai suka bi gine-ginen gwamnati suna cinna wuta: gidan rediyon jiha, ofishin Triumph, majalisar dokoki, ma'aikatu. Yaya ya fita tun da safe sanye da 'yar riga mai hoton Rimi a ƙirji. Da labari ya iso shago, Baba ya miƙe ya ce in rufe in tafi gida kada in tsaya ko'ina. Shi kuma ya nausa a ƙafa, ba mota ba keke. Muka yini a tsakar gida, Inna na kan abin salla ba ta ce da kowa uffan ba. Can da yamma aka fara raɗe-raɗin an kashe Dakta Bala Muhammad a gidansa, an kuma ƙone gidan.

Sai bayan lisha suka shigo. Yaya na gaba sanye da babbar rigar Baba, ta yi masa yawa tana jan ƙasa. Baba na biye da shi daga shi sai singileti da wando. Ashe a gidan wani abokinsa ya same shi a ɓoye, ya tuɓe rigarsa ya rufa masa don a ɓoye hoton, suka ratso lunguna. Da ya sunkuya zai cire takalmi, hasken fitila ya faɗa a kafaɗunsa, na ga tabon bulalar nan layi-layi, sun yi fari sun tashi. Yaya ma ya gani. Ya zauna a bakin rijiya ya kifa kai yana kuka, kukan malaminsa da na abin da ya gani gaba ɗaya. Baba ya ce, "Mu an doke mu, an ɗaure mu, ba mu taɓa ƙona mutum ba. Wannan ba siyasar da muka koya ba ce." Inna ta miƙo masa riga.

Na so a ce daren nan ya kashe rigimar a gidanmu. Bai kashe ba. Kafin sati ya zagayo sun koma, Yaya na cewa rabuwar da Taɓo suka jawo ita ta ba maƙiya ƙofa, Baba na cewa gaggawar Santsi ce ta kunna wutar. Sai dai daga ranar Baba bai ƙara barin a zagi 'yan Santsi a bencinsa ba.

Ni zuciyata tana wajen Santsi a lokacin, kuma har yanzu tana can. Mutanen da suka jira shekara talatin sun cancanci su ga an yi amfani da iko, kuma an yi. Ban da haraji, Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, kafin tarayya ta bi. An kai lantarki garuruwan da ba su taɓa ganin ƙwan fitila ba, an kafa gidan talabijin na jiha, dubban manya irin Inna sun koyi rubuta sunansu. Jam'iyyar talakawa in ta ci zaɓe sannan ta riƙa taka-tsantsan kamar wadda ta faɗi, to me ta ci? Tsoron da Baba yake ji game da ƙawancen ya tabbata daga baya, domin da 1983 ta zo Awolowo da Azikiwe, wato Zik, wanda shi ma ya shigo ƙawancen, sun kasa janye wa juna, kowa ya tsaya takara. Amma wannan saɓani ne da 'yan jam'iyya ɗaya za su iya zama su yi ta gardama a kai, a ƙirga hannu, wanda aka rinjaya ya haƙura zuwa baɗi.

Abin da ya ci PRP shi ne ba ta da wurin yin wannan gardamar. Baba in zai yanka wa yaro riga yakan bar rarar yadi a cikin ɗinki, don in yaron ya girma a farke a buɗa. PRP an yanka ta daidai jikin Malam, ba a bar rara ba. Ƙaunar da talakawa ke yi masa ita ce ofishinta, ita ce baitulmalinta, ita ce tsarin mulkinta. Da gwamnoni suka zo da nasu ikon da nasu jama'ar, duk wanda ya ce "ina ganin ba haka ba" sai a ji kamar ya ce "ba na son Malam". Dattijai ba su da wata amsa sai kora, samari ba su da wata amsa sai ɓallewa. Ban ɗora wa Malam laifin wannan shi kaɗai ba. Mutumin da aka yi shekaru ana farautar magoya bayansa, dole jam'iyyarsa ta ginu a kan amana da biyayya, in ba haka ba da tuni an tarwatsa ta. Abin da ya raya NEPU a zamanin wuya shi ya shaƙe PRP a zamanin mulki, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau.

Sauran labarin gangara ce. A watan Nuwamban 1981 majalisar Kano ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam, aka ɗora Abdu Dawakin Tofa. Kuɗin man fetur ya ja baya, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, shinkafa da sabulu da madara suka yi wuya, mu a shago har zare da allura sai an yi cuku-cuku. 'Yan Santsi suka nemi rajistar sabuwar jam'iyya tare da abokan ƙawancensu, FEDECO ta hana. Zaɓe na matsowa, ba su da tutar da za su tsaya a ƙarƙashinta.

Ranar Lahadi 17 ga Afrilun 1983 Malam ya rasu. Ban taɓa ganin taro irin na Gwammaja ba a ranar. Tun daga nesa ba hanya, mutane a kan katanga, a kan bishiya, mata na kuka a ƙofar gidaje. Mun tafi mu uku. Baba ya gaji a cikin turmutsitsin, Yaya ya riƙe masa hannu, a sahu ɗaya suka yi salla. Na ga mai gyaran kekuna da mai goro sun rungume juna. Mutane da yawa sun ɗauka za a shirya a kan kabarin nan.

Ba a shirya ba. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP ta Azikiwe don ya samu tutar takara, Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Santsi ma ta rabu, domin Balarabe bai bi su NPP ba, ya riƙe sunan PRP har ya koma ga Allah a 2020. S. G. Ikoku, sakataren jam'iyya wanda ya yi wa Malam mataimaki a takarar 1979, ya ƙare a NPN, abin da su Yaya suka riƙa nunawa suna cewa ga zarginsu ya fito. A watan Agusta Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da Rimi a Kano, ya kuma rushe sabbin masarautun. Kaduna ta koma hannun Lawal Kaita. Jam'iyyar da ta fara da jihohi biyu ta dawo da ɗaya. Baba ya dangwala wa makulli, Yaya ya dangwala wa NPP, Inna ba ta gaya wa kowa inda ta dangwala ba. Bencin shagonmu ya yi murna, amma murna ce marar ƙarfi, ba ta kama ƙafar ta 1979 ba.

Wata uku Sabo ya yi a kan kujera. Ranar 31 ga Disamba soja suka dawo, aka rushe jam'iyyu duka, aka kwashe 'yan siyasa, Rimi da Sabo dukansu suka tsinci kansu a gidan yari. Cikin 1984 aka dawo da haraji da jangali a jihohin Arewa. Mai unguwa ya zo shago da littafin rasit, yana ta ba da haƙuri, ya san wanda ya zo wa. Baba ya jawo aljihun keke ya ƙirga kuɗin ya miƙa, ya karɓi rasit ya soke a ƙusar da yake rataye awon mutane.

Bai sake yankar katin wata jam'iyya ba. Yaya ya bi su Rimi zuwa SDP, daga baya PDP, inda ya tarar da mutanen NPN da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙa, abin da ya sha gaya mini bai taɓa kwanta masa a rai ba. Duk Juma'a yakan zo gaida Baba, kuma da wuya su rabu ba su taɓo tsohon zancen ba. Na ƙarshe da na ji, Baba na kwance yana jinyar da bai tashi ba, a kan korar 1980 ne.

"Malam bai kori kowa ba," in ji Baba. "Su suka tafi."

"An kore su, Baba. Da takarda aka kore su."

"To me ya hana su dawo su ba da haƙuri?"

"Haƙurin me za su bayar?"

Inna ta leƙo ta ce a bar shi ya huta, an kusa kiran salla.